Zaren Kitso da Kifin Bas

In ka shiga Yasore kana neman Barau, kada ka wahalar da bakinka da cewa Barau. Ka ce Mijin Mai Kitso, nan take za a nuna maka ƙofar gidan. Shi kuwa duk duniya ba abin da ya tsana kamar sunan nan. Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga gonarsu ta bakin dajin Ruma suka dawo Yasore da tabarma da tukunya, hannun matarsa Turai ne ke ci da gidan. Ita ke yi wa matan unguwa shuku da kalaba, a ba ta abin da ya samu, ta ɗora tukunya. Barau abin da ya tsira da shi daga Ruma bakinsa ne, shi kuma bakin bai taɓa neman hutu ba. Har gaban mai unguwa Almustapha ya sha kai ƙara a kan sunan, dattijon ya ba shi haƙuri, da ya juya baya ya ce a raka Mijin Mai Kitso.

A samartaka Barau ya taɓa yin karen mota. Wata tafiya suka bi ta Yawuri, ya hango kogi daga saman buhunan albasa, mota ko tsayawa ba ta yi ba. Wannan hangen shi ne jarinsa a teburin mai shayi. Da farko cewa yake ya ga masunta. Daga baya ya zama ya taya su jan taru. Zuwa lokacin da nake ba ku labari, shi ne ya koya musu.

To, masu gyaran hanyar Batsari zuwa Safana sun haƙi jar ƙasa sun bar wani ƙaton rami a bayan gari. Damina ta cika shi, rani ya zo ya ƙi ƙafewa, ciyawa ta rufe bakinsa, mutane suka sa masa suna Dam. Sai aka fara cewa ana ganin wani abu yana motsa ruwan. Mai unguwa, wanda raha ta fi masa abinci daɗi, ya ce ruwa irin wannan bai kamata ya zauna ba shugaba ba. Duk wanda ya fito da kifi mafi girma ranar jajibirin Babbar Sallah, shi zai naɗa masa rawanin Sarkin Ruwa. Kowa ya yi dariya ya wuce, domin a Yasore kifi sai busasshe a faranti ranar kasuwa. Barau kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya ga rawani a kansa, ya ji ana cewa Turai matar Sarkin Ruwa, ya ga sunan nan da ke ci masa rai ya mutu murus.

Da yake bai taɓa riƙe fatsa ba, sai ya nemi ilimin a inda kowa ke nemansa yanzu. A shagon cajin waya ya sa aka tura masa wani bidiyo na Bature a cikin kwalekwale, da wata murya ta inji tana fassarawa da Hausa kamar mai fama da mura. Muryar ta ce kifin da ake kira bas ba a ba shi tsutsa, yaudararsa ake yi da abincin ƙarya, kuma kowane abinci da irin zarensa. Ɗan kifin roba mai yawo a saman ruwa sai zare mai tasowa. Cokalin ƙarfe mai nutsewa sai zaren da ba a gani. Kwaɗon roba kuwa, da ake jefawa cikin ciyawa inda manyan ke kwance, ba abin da ke riƙe shi sai zaren kitso, wanda ba ya tsinkewa, ba ya kuma miƙewa. Barau ya mayar da wurin nan baya ya sake ji, ya tabbata kitso aka ce. Ya yi murmushi, ya ce ashe arziki a ɗakinsa yake kwana.

Ranar da ya fara karantar da mutanen teburin shayi, sai ga Armaya'u a kan babur. Armaya'u taubashinsa ne, ɗan kawunsa, manomi a Zakka, kuma Allah ya halicce shi ne musamman don ya hana Barau sakat. Ya zauna ya kalli bidiyon har ƙarshe yana kurɓar shayin Barau.

"To, bawana, wanga kifi mi ya sa aka ce mashi bas?"

"Kai da ba ka taɓa wuce Dutsin-ma ba ina za ka sani? Girmanshi ne. Bature ba ya raɗa suna a banza. Ni da na yi aikin mota na san abin da ake nufi da bas."

"Amma wanda ke hannun Baturen bai fi damtsena ba."

"Wancan tasi ne tukuna, bai ƙosa ba."

Armaya'u ya ce to Allah ya sa in an kamo shi a samu kujerar gaba. Barau ya ce shi dai ya tanadi bakin gaisuwa, don ranar Sallah sai ya cire takalmi kafin ya yi masa magana.

Gwajin farko na zare mai tasowa ne. Barau ya warware buhun taki ya ƙulla zarurrukan, ya ɗauki silifar Turai ta hagu ya fere ɗan kifi da ita, har da ido na gawayi. Ya je Dam ya jefa. Zare ya taso, kifin silifa ya yi ta lilo a saman ruwa, gwanin sha'awa. Abin da Baturen bai faɗa ba shi ne a Yasore akwai agwagwa. Ta maƙwabciyarsu Barira ce, ƙatuwa, marar kunya. Ta taho a hankali ta cafke silifar ta juya. Barau ya ja, ta ja, zaren buhu ya ce ga garinku. Agwagwa ta fito daga ruwa ta nufi cikin gari da sauran zaren yana binta, Barau na biye da ita da sanda yana ce mata ta tsaya. Suka ratsa ta gaban masallaci, suka watsa shanyar kuɓewa, suka bi ta ƙarƙashin amalanke. A daidai ƙofar gidan Barira ya yi tsalle ya danne ta, a daidai lokacin kuma Barira ta leƙo ta same shi kwance a ƙasa da wuyan agwagwarta a hannu.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Malam Barau, dama sunan nan naka kaɗan ya rage ya cika ɓarawo."

Da yamma a teburin shayi Barau ya ce gwaji ya yi kyau fiye da yadda ya zata. In har agwagwa mai ido biyu a waje ta ruɗu, ina ga kifi da ke kallo ta cikin ruwa.

Saura zaren da ba a gani. Ranar kasuwar Batsari ya bi rumfunan 'yan koli ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wani ya ce ya ƙare jiya. Wani ya miƙo masa hannu wayam ya ce ya auna ko ya isa. Wani dattijo kuma ya ja shi gefe ya ce in layar zana yake nema ba a tambayarta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Yana cikin wannan sai ga Armaya'u, kamar an aiko shi. Ya ce ai abin da yake nema yana Zakka, a wutsiyar farin bijiminsa na huɗa, domin farar izga in ta shiga ruwa ko mai ita ba ya gane ta. Barau ya ce dama abin da ke ransa ke nan, yana gwada 'yan kasuwa ne kawai.

Suka tafi Zakka a babur. Armaya'u ya ɗauko igiya zai ɗaure ƙafafun san, Barau ya ce ya ajiye. Shi mutumin Ruma ne, da Fulani ya tashi, akwai maganar da yake yi wa sa a kunne ya tsaya kamar an dasa shi. Ya je ya yi wa san raɗa, ya zagaya baya, ya naɗe izga a yatsa ya fizga. Ko dai san bai ji Fillancin ba, ko kuma ya ji bai yarda ba. Ƙafa ɗaya ya ɗaga, Barau ya tashi sama ya sauka a kan tarin takin da aka tara don gona, ya nutse har ƙugu. Armaya'u ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya tambaye shi ko a ɗauko igiyar yanzu, a ɗaure shi shi. Amma da aka zaro Barau, 'yan silin izga na nan a yatsansa, ya ɗaga su sama kamar wanda ya ciwo yaƙi. A Yasore ya ce ɗingishin na babur ne, Armaya'u bai iya tuƙi ba.

Washegari ya ƙulla izgar, ya ɗaura mata cokalin shayin Turai, ya ɗaura ɗaya bakin a sandar gora. Mutane suka taru. Ya wulwula ya jefa, cokali ya yi walƙiya a sama, ya faɗa can tsakiyar Dam, tsundum. Barau ya gyara zama ya riƙe sanda da hannu biyu. Masu tsaye a bayansa sun ga lokacin da izgar ta tsinke ta bi iska, wani ya ce masa kamar fa ba komai a bakin sandar nan. Barau ko waiwayowa bai yi ba, ya ce ai shi ya sa ake ce masa zaren da ba a gani, in da ɗan ƙauye zai gan shi da kifi ma ya gani. Haka ya zauna rana na dukansa, yana ɗan girgiza sanda yadda Baturen ke yi, yana hana mutane tari. Masu zuwa gona suka wuce shi, suka dawo suka same shi. Da la'asar ta yi sanyi ya ɗaga sanda ya ga gora ce zalla. Ya miƙe ya sanar da jama'a cewa magana ta tabbata, bas na cikin ruwan nan, kuma har ƙarfe yake ci.

A gida ya tarar Turai na jiransa da silifa ɗaya a gabanta. Mace ce marar yawan magana, amma tana ganin komai. Ta ga yadda yake satar kallon baƙar ledar da ke rataye a bango, wadda ta cika da zaren kitson da ta tanada don matan jajibiri.

"Malam, silifa ta tahi na yi shiru, cokali ya tahi na yi shiru. Amma zaren can kan mutane ne. Kada ka taɓa shi."

"Ke ba ki san abin da nike nema maki ba. Matar Sarkin Ruwa za a riƙa ce maki."

"Ni sunan da nike da shi ya ishe ni, shi ke ba mu tuwo."

"Ni kuma shi ke hana ni cin tuwon," in ji Barau. Wannan karon ba cika baki ba ne, gaskiya ya faɗa, har muryarsa ta rage. Mutum ne da ya taɓa cika rumbu da hannunsa, yau kuma da sana'ar matarsa ake kwatancensa. Turai ta ji tausayinsa ƙwarai, ta tura masa kwanon tuwo. Amma ba ta sauke ledar ta ɓoye ba, kuma nan ta yi kuskure.

Ranar jajibiri da sassafe, Turai na bayan gida tana wanke-wanke, Barau ya sauke ledar ya cusa a riga, ya haɗa da silifar dama, ya bi ta rijiyar unguwa ya ɗauke ƙugiyar da ake ciro guga da ita in ya faɗa. A ganinsa kifin da ke cin cokali ba a yi masa wasa da ƙaramar fatsa. Ya samu gindin wata tsamiya nesa da ido ya zauna. Da ya ja zaren ya ga siriri ne, sai ya tuna ai Baturen kitso ya ce. Ya raba shi gida uku, ya maƙale bakin a babban yatsan ƙafa, ya fara kitsawa. Shekara da shekaru yana kwance a tabarma yana kallon hannun Turai, bai san abin ya shiga kansa ba. Yatsunsa suka riƙa tafiya da kansu. Kafin azahar ya kitsa igiya doguwa, sumul, ba inda ta fi wani wuri kauri. Ya fere kwaɗo da silifar, ya soke shi a ƙugiya.

Da la'asar bakin Dam ya cika. Mai unguwa na kan kujera, rawanin naɗi a ninke a cinyarsa. Armaya'u ya zo tun daga Zakka da mutanensa, ya ce ba za a ba shi labari ba. Ba wanda ya fito takara sai Barau, don haka ko ɗan tarwaɗa kamar yatsa ya kamo rawani nasa ne. Armaya'u ma, da yake jini ba wasa ba ne, ya matso ya raɗa masa cewa ya nemi tsutsa da ƙaramar fatsa ya rufa wa kansa asiri. Barau ya ce shi ba ya kama tasi.

Ya yi wa jama'a jawabi a kan zare uku da abinci uku, ya ɗaure bakin igiyar a ƙugunsa, ya ce kowa ya ja baya. Wulwulawar farko ƙugiya ta ɗauke hular ladan ta kai ta cikin ciyawa. Ta biyu ta tafi yadda ake so, ta faɗa can inda ciyawa ta fi duhu. Ya ja a hankali, ya ji ta kama. Ya ƙara ja, abu ya ƙi motsi. Ya ce a kawo ɗauki.

Majiya ƙarfi suka kama igiya, Barau a bayansu yana ba da umarni. Sai dai zaren Turai irin na roba ne, mai miƙewa, ba kamar wanda Baturen ke nufi ba. Suna ja da baya yana ƙara tsawo, suna ja yana ƙara tsawo, har suka kusa kai wa titi. Can sai ruwa ya fara kumfa, ciyawa ta dare, wani baƙin abu mai faɗi ya ɗago, laka na zuba daga jikinsa. A gefensa ga wani ƙaton ido, zagayayye, fari, yana kallon jama'a.

"Ga idonshi nan," in ji Barau da ƙarfi. "Na hwaɗa maku!"

Da ma bai faɗa ba. Masu jan igiya suka dubi idon, idon ya dube su, suka saki gaba ɗaya suka ranta a na kare. Zaren da ya miƙe iyakar miƙewa ya tuna da gida. Ya fizgi Barau ta ƙugu, ya ja shi a guje ta gaban kujerar mai unguwa, ƙafafunsa na taɓa ƙasa jefi-jefi, ya tsunduma shi cikin Dam da ka. Sarkin Ruwan gobe, wanda ya koya wa masuntan Yawuri sana'a, ashe ko iyo bai iya ba. Ya yi ta dukan ruwa yana salati, yana cewa bas ya haɗiye masa ƙafa, a gaya wa Turai ta yafe masa cokali. Armaya'u ya naɗe wando ya shiga, ya tsaya a kansa, ruwan ko cinyarsa bai kai ba.

"Bawana, miƙe tsaye mana. In kuma nutsewar kake so, matsa can gaba, nan ba ta yiwuwa."

Da hankali ya dawo aka sake kama igiya aka jawo abin bakin ruwa. Ƙarfen gaban wata tsohuwar bas ne da masu aikin hanya suka yar a ramin, ya yi tsatsa, fitila ɗaya ta fita, ɗaya na nan. Armaya'u ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce jama'a su ji tsoron Allah su daina ƙaryata ɗan'uwansa. Bas ya ce, bas kuma ya kamo, kifin ne kawai ya sauka a hanya.

Ana cikin dariya sai ga ayarin mata daga cikin gari, Turai a gaba, ba takalmi. Ɗan zaren da ya rage mata a gwangwani ta fara aiki da shi, da ta je ɗauko leda ta ga ƙusa kawai. Duk matan da ke bayanta hijabinsu ya kwanta ta gefe ɗaya ya yi tozo ta ɗaya gefen, don rabin kai kawai aka kitsa musu, ga shi gobe Sallah. Ba wadda ta yi dariya a cikinsu. Turai ba ta ɗaga murya ba, ta ce masa ya kwance mata zarenta yanzu, tunda shi ya san yadda ya ƙulla shi.

Barau ya zauna a cikin laka, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya maƙale bakin igiyar a yatsan ƙafa ya fara tsefewa. Barira mai agwagwa ta sunkuya ta ɗauki ɗaya bakin don ta taya, sai ta tsaya. Ta juya igiyar, ta kai ta kusa da ido, ta miƙa wa ta kusa da ita. Igiya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu.

"Turai, wa ya yi wanga kitso?"

Turai ta nuna shi da haɓa.

"To wallahi kalabarshi ta fi taki kamawa. Dubi, an ja bas da ita ko sili bai fita ba."

Mai unguwa ya sa aka kawo masa ya duba da kansa, ya jinjina kai. Ya mayar da rawanin cikin jaka a hankali, yadda Barau zai gani. Ya ce alkawarin sarauta na kifi ne, kifi kuwa bai fito ba. Amma akwai koken da bawan Allah nan ya daɗe yana kawo masa, yau kuma ya ga hujja da idonsa, zalunci ne a ci gaba da jingina shi da sana'ar wani.

"Daga yau kada in ƙara jin wani ya ce mashi Mijin Mai Kitso," in ji mai unguwa. "A cire mijin."

Barau ya bi jakar rawanin da kallo. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tsifa, yatsunsa na gudu, mata na tsaye suna jira.

Da safen Sallah yana ɗaki ya ƙi fita, wai ƙafar da babur ya buge ce ta tashi. Sai ya ji sallamar wata baƙuwa daga zaure, tana tambaya ko nan ne gidan Mai Kitso, kuma ko yana ciki ko tana ciki, don ita kwatance aka yi mata. Turai na tsakar gida tana hura wuta. Ta ɗago, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ce, "Nan ne. Wanne daga ciki kike nema?"